Yadda za ka haɗa labaran Columbo na baya-baya a faifai ba tare da ka sayi abu ɗaya sau biyu ba

Duk mai niyyar tara shirin talabijin na Columbo a faifan DVD, lambar da zai fara riƙewa a ka ita ce 69. Yawan labaran da Peter Falk ya fito a matsayin Laftanar Columbo ke nan, tun daga na gwaji na farko a 1968 har zuwa na ƙarshe da aka haska ranar 30 ga Janairun 2003. Da labari ake ƙirga, kada ka yarda ka ƙirga da zango, wato rukunin labaran da aka haska a jere a kaka ɗaya. Kwalin Amurka da na Ingila da na Faransa, kowanne da yadda ya yanka zangunansa, kuma a labaran baya-bayan nan ne yankan ya fi saɓawa. Nan kuɗin mutane ke zurarewa. Mutum ya sayi kwali biyu daga ƙasashe biyu, ya buɗe ya tarar wani labarin yana nan yana can, wanda yake nema ruwa a jallo kuma babu shi a ko ɗaya.

Ga wanda bai san shi ba, Columbo ɗan sandan ciki ne a birnin Los Angeles, sashen binciken kisan kai. Gajeren mutum ne da yamutsattsiyar rigar ruwa, da guntun sigari a yatsa, da wata tsohuwar Fijo 403 ƙirar 1959 wadda duk wanda ya tashi ya ga Fijo a titunanmu zai ji kamar ya san ta. Richard Levinson da William Link ne suka ƙirƙiro shi. Tun farkon labari ake nuna maka wanda ya yi kisan da yadda ya shirya shi. Abin da ya rage shi ne ka zauna ka ga yadda wannan bawan Allah, mai kama da wanda bai san hagunsa da damansa ba, zai bi attajiri ko lauya ko likita da 'yan ƙananan tambayoyi. Ya kai bakin ƙofa kamar ya tafi, sai ya juyo ya ce saura abu ɗaya. Haka zai yi ta yi har mutumin ya ɗaure kansa da bakinsa.

Waɗannan 69 ɗin gida biyu suka rabu. Na farko 45 ne, zamanin tashar NBC: na gwaji guda biyu, sai zango bakwai daga 1971 zuwa 1978. Samun waɗannan ba wuya, domin duk ƙasashen sun yarda da lissafinsu. Abu ɗaya kawai za ka lura da shi, zango na 6 labari uku ne kacal, na 7 kuma biyar, shi ya sa aka saba haɗa su a kwali guda mai labari takwas. In ka ga an rubuta 6 da 7 tare, ba a rage maka komai ba.

Gida na biyu shi ne abin da ya sa na zauna rubuta wannan. Bayan kusan shekara 11 shiru, tashar ABC ta dawo da shirin a Fabrairun 1989, Falk yana da shekara 61, aka yi labari 24 zuwa 2003. Shekara biyun farko an tafi a jere kamar da. Daga ƙarshen 1990 kuma sai abin ya koma jefi-jefi, wata shekarar uku, wata ɗaya, wata ma kamar 1996 da 1999 babu ko ɗaya. Tun da babu tsayayyen zango a talabijin, da aka zo zubawa a faifai sai kowace kasuwa ta yi nata tsarin.

A Amurka, kamfanin Universal ya fara fitar da DVD ɗin Columbo a 2004. Da ya gama da zango bakwai na farko sai ya bar kiran zango gaba ɗaya, ya koma kiran shekara. Kwali huɗu ne, duk da sunan Mystery Movie Collection a goshi: na 1989 mai labari biyar, na 1990 mai shida, na 1991 zuwa 1993 mai shida, da na 1994 zuwa 2003 mai bakwai. Ka haɗa, 24 cif. Na farkon ya fito a 2007, na ƙarshen sai 2012, wato Falk da kansa bai ga fitowarsa ba, domin ya rasu a watan Yunin 2011. A Ingila kuwa an ci gaba da lamba: zango na 8 mai labari huɗu, na 9 mai shida, sai aka tattara ragowar 14 aka kira su zango na 10, aka raba shi kwali biyu. Na Faransa ya ƙirga har zango 12. Labaran duk ɗaya ne, wurin sa wuƙar ne ya bambanta.

Ga inda tarkon yake, kuma ina so ka karanta wannan sakin layin sau biyu. Labari mai suna Murder, a Self Portrait an haska shi a Nuwambar 1989. A lissafin Ingila shi ne ya buɗe zango na 9, a lissafin Amurka kuwa shi ne ya rufe kwalin 1989. To in ka sayi zango na 8 na Ingila, ka bi shi da kwalin 1990 na Amurka, wannan labarin ya faɗa rami a tsakani, ba ka da shi. Haka Columbo Goes to College, na Disambar 1990: Amurka ta sa shi a kwalin 1990, Ingila ta buɗe zango na 10 da shi. Wanda ya sayi zango na 9 na Ingila sannan ya tsallaka zuwa kwalin 1991 na Amurka ya rasa shi, kuma wallahi yana cikin mafi daɗin duka 24 ɗin. In kuma ka juya tsarin sayen, sai ka mallaki waɗannan biyun sau bibbiyu. Abin kamar awon hatsi ne, in da tiyar wata kasuwa ka fara, da ita za ka ƙarasa. Ka zaɓi ƙasa ɗaya ka tsaya a kanta.

Wanda bai riga ya sayi komai ba, shawarata ya nemi babban akwatin da ya haɗa duka. Ana samun sa a bugun Amurka da na Ingila, faifai sama da 30 a ciki, kuma sau da yawa kuɗinsa bai kai na sayen ƙananan kwalaye ɗaya bayan ɗaya ba, balle a zo maganar kuɗin aiko. Amma kada kalmar Complete a gaban kwali ta ruɗe ka. Tana iya nufin cikakken zango ɗaya, tana iya nufin cikakken zamanin NBC kaɗai. Ka juya baya. In ba ka ga 69 ba, ka nemi sunan labarin ƙarshe, Columbo Likes the Nightlife. Yana nan, to akwatin ya kai ƙarshe. Wani abu kuma, wasu kwalayen Amurka na tsakiyar zamanin NBC suna ɗauke da gyaran labari daga wani shiri daban mai suna Mrs. Columbo, wanda aka yi a 1979 ba tare da Falk ba. Kada ka sa shi a lissafinka.

Sai maganar ko na'urarka za ta karɓi faifan. An raba duniya shiyya-shiyya a harkar DVD, kuma lambar shiyyar tana bayan kwali, cikin wani ɗan zanen duniya ƙarami kusa da inda aka rubuta tsawon mintuna. Amurka da Kanada 1 ce. Turai da Japan da Gabas ta Tsakiya da Masar da Afirka ta Kudu 2. Mu nan Najeriya da Nijar da Gana da Kamaru da Cadi muna 5. A ƙa'ida ke nan, na'urar da aka kulle a 5 ba za ta buɗe faifan 1 ko 2 ba. A aikace kuwa, yawancin ƙananan na'urorin DVD da suka cika kasuwanninmu ba ruwansu da shiyya, duk abin da ka zura musu za su karanta. Masu tsada na manyan kamfanoni, musamman waɗanda aka shigo da su na hannu daga Turai, su ne suka fi taurin kai. Kafin ka kashe kuɗi, ka ari faifan asali na waje ko na wane fim ne ka gwada. Mai kallo a kwamfuta kuma ya yi hattara: ma'ajin faifan kwamfuta yakan ba ka damar sauya shiyya sau biyar ne kawai, daga nan ya kulle a kan ta ƙarshe. In ta tambaye ka ko za ka sauya, kada ka yi saurin danna e. Ka fara gwada buɗe faifan da manhajar VLC, sau da yawa takan wuce ba tare da an taɓa komai ba.

Tsarin hoton talabijin ma iri biyu ne: faifan Amurka tsarin NTSC ne, na Ingila da Faransa PAL. Talabijin na bango na yanzu duka yake ci. Tsohuwar mai ƙeya ce wani lokaci za ta ba ka hoto fari da baƙi ko mai rawa in ka ba ta NTSC, kuma maganin yakan kasance a cikin saitin na'urar DVD ɗin, inda za ka ce mata ta fitar da PAL. Akwai wani ɗan abu da ba kowa ke lura ba. Bugun PAL yana gudu da sauri kaɗan, kashi 4 cikin 100, saboda fim ɗin da aka ɗauka da hoto 24 a daƙiƙa ana haska shi da 25. Don haka in ka ga kwalin Ingila ya rubuta mintuna ƙasa da na Amurka da uku ko huɗu a labari ɗaya, ba yanke wani abu aka yi ba. Ni kunnena yakan ji muryar Falk ta ɗan ƙara kaifi a PAL, amma bayan minti goma sai in manta.

In da ni za a tambaya, mutumin da ke wannan yanki namu ya ɗauki bugun Ingila. PAL ne irin na talabijin ɗin Najeriya, masu zuwa da dawowa daga can sun fi yawa, na hannu kuma yana da araha. 'Yan'uwanmu na Nijar da Cadi da Kamaru da suka fi sakewa da Faransanci, bugun Faransa ya fi musu, domin yana da muryar da aka ɗora ta Faransanci. Serge Sauvion ne ya yi wa Falk murya shekara da shekaru, har Faransawa da yawa ba su san Columbo da wata murya ba sai tasa. Ko wanne ka zaɓa, ka duba a bayan kwalin ko akwai rubutun magana na ƙasan allo. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a Columbo. Mutumin yana magana ƙasa-ƙasa, sigari a baki, yana haɗiye rabin kalma, kuma sau da yawa duk shari'ar tana rataye ne a kan kalma ɗaya da mai laifi ya furta ba da niyya ba. In ta wuce ka, ƙarshen labarin ba zai yi maka ma'ana ba.

Masu Blu-ray su ƙara taka-tsantsan. Can shiyyoyin haruffa ne, mu muna B tare da Turai, Amurka da Japan suna A. Kamfanin Kino Lorber na Amurka ya fitar da zamanin NBC a ƙarshen 2023, ya biyo da labarai 24 na ABC a 2024 da sunan The Return. Hoton ya fi na DVD nesa ba kusa ba, har saƙar rigar ruwan kana gani. Sai dai na shiyyar A ne, kuma na'urar Blu-ray ba ta da sassaucin da muka saba gani a ƙananan na'urorin DVD. In ba ka tabbatar taka tana buɗe A ba, ka bar shi.

Yanzu jabu. Na san akwai faifan da ake zuba labari goma ko ashirin a guda ɗaya, na san akwai masu turawa a waya. Ba zan ce ban taɓa kallon irinsu ba, amma ga Columbo asara ce. Faifan DVD mai hawa biyu gigabait 8.5 yake ɗauka, mai hawa ɗaya 4.7. Labaran ABC kowanne wajen awa ɗaya da rabi ne, shi ya sa faifan asali yakan ɗauki biyu, in ya yi yawa uku. Wanda ya cusa goma sai da ya matse hoton har ya dagargaje. A fim ɗin faɗa wannan ba zai dame ka sosai ba. A nan kuwa hujjar da za a kama mutum da ita takan zama ƙaramin abu ne a gefen tebur, agogon hannu, ko tabo a takarda, ko igiyar takalmi. In hoton ya zama dusu-dusu, an cuce ka a daidai wurin da ka biya kuɗi dominsa. Ban da haka, masu irin wannan kwafin sukan tsallake labaran baya-bayan, ko su maimaita ɗaya da suna biyu.

Gane na asali ba wuya in faifan yana hannunka. Ka juya cikinsa ka karkata shi wajen haske. Wanda aka buga a masana'anta launin azurfa ne, wani lokaci da ɗan ruwan zinariya. Wanda aka ƙona a kwamfuta yakan yi shuɗi-shuɗi ko ruwan makuba, kuma za ka ga iyakar inda rubutun ya tsaya kamar zobe. Ka kawo shi kusa da ido ka duba zagayen ramin tsakiya: na asali yana da ƙananan lambobi da haruffa da aka zana a jikin madubin, sau da yawa har da IFPI. Takardar kwalin ma tana magana. In hoton Falk ya yi dishi-dishi, ko an yi kuskuren rubuta sunan labari, ajiye shi.

In daga nesa za ka saya, ta eBay ko Amazon ko ta hannun wani ɗan'uwa da zai taho da shi, ka roƙi hoto uku kafin a biya: gaban kwali, bayansa yadda za ka iya karanta ƙananan rubutun, da faifan duka a shimfiɗe ana ganin lambar kowanne. Akwatin hannu mai faifai sama da 30, abu ne mai sauƙi a ce ɗaya ya ɓace, kuma mai sayarwar ma bai sani ba. Na taɓa karɓar wani da aka cike gurbin faifai ɗaya da maimaicin na kusa da shi, kwali lafiya lau, lissafi ya cika, labari biyu babu. Ka kuma tambaya ko faifan masu fuska biyu ne. Universal ya yi amfani da irinsu a wasu bugunsa na shekarun 2000, ba su da hoto a sama, ko'ina madubi ne, kuma sun fi saurin karcewa da sanƙarewa a tsakiyar kallo. In akwai zaɓi, ɗauki mai fuska ɗaya. Wanda zai taho maka da shi kuma ya sa a jakar hannu, ko ya naɗe shi cikin tufafi a tsakiyar akwati, domin haƙoran robar da ke riƙe faifai su ne farkon karyewa, faifan ya yi ta yawo a ciki yana gogewa.

Da yawa za su ce maka labaran ABC ba su kai na da ba, kada ka wahalar da kanka. Akwai gaskiya a ciki, amma ba duka ba. Wasu an ja su da tsawo, kiɗan wasu bai kai ba, kuma akwai inda aka mai da Columbo abin dariya fiye da kima. Duk da haka ni ina ganin wanda ya tsaya a 1978 ya bar alheri mai yawa a baya. Ka fara da Agenda for Murder na 1990, inda Patrick McGoohan ya fito a lauya mai ji da kansa, shi ne kuma ya ba da umarni. A wannan shekarar shi da Falk duk sun karɓi kyautar Emmy, ta Falk ita ce ta huɗu a kan wannan rawar. Ka kalli yadda su biyun suke zagaya juna a ofis, kowa ya san abin da ɗayan ya sani, ba mai ɗaga murya. Daga nan ka shiga Columbo Goes to College, inda ɗalibai biyu 'ya'yan masu hali suka kashe malaminsu a daidai lokacin da Columbo ke gabatar da lacca a ajinsu, suka riƙa kwaikwayonsa a bayan idonsa suna ganin sun sami wawa. Sai It's All in the Game na 1993, wanda Falk ya rubuta da hannunsa, Faye Dunaway ta fito a ciki har ta ci Emmy. Wannan ya fi sauran taɓa zuciya, domin a nan ne za ka ga aikin ya yi wa Columbo nauyi. Ashes to Ashes na 1998 shi ne karo na huɗu kuma na ƙarshe da McGoohan ya fito a mai kisa, wannan karon a mai sana'ar shirya gawa.

Guda biyu ka bar su sai ƙarshe: No Time to Die na 1992 da Undercover na 1994. An ɗauko su ne daga littattafan Ed McBain, ba a gina su a kan tsarin Columbo ba. A na farkon ma ba kisa aka fara da shi ba, amarya aka sace a daren biki, har ga Columbo riƙe da bindiga, mutumin da aka san shi da ƙin ɗaukarta. Wanda ya fara da waɗannan zai ɗauka haka sauran suke, ya ajiye akwatin.

Magidanta kuma ga wata magana. Columbo na shekarun 1970 kusan duka za ka iya kallo da iyali a falo, ba jini, ba tsiraici. Na 1989 da 1990 akwai waɗanda suka ɗan saki jiki, musamman Sex and the Married Detective da Columbo Cries Wolf, wanda ya shafi mai buga mujallar hotunan mata. Ka fara kallonsu kai kaɗai ka yanke hukunci kafin ka kira yara.

Wajen saitin hoto, na zamanin NBC an yi su ne don tsohuwar talabijin wadda allonta ba shi da faɗi irin na yanzu, abin da kwali ke rubutawa 4:3 ko 1.33:1. Baƙin shafi a hagu da dama ba matsala ba ce, haka ya kamata ya fito. Kada ka ja shi ya cika allo, sai kowa ya koma gajere mai faɗi. Na baya-bayan ka bi abin da bayan kwalinka ya ce. In kuma hoto ya ɗan tsaya na daƙiƙa ɗaya a tsakiyar faifai ya ci gaba, na'urar ce ke sauka daga hawa na farko zuwa na biyu, ba lalacewa ba ce.

Zafi da ƙura su ne abokan gabar faifai a wajenmu. Kada ka bar shi a mota, kada ka ajiye akwatin a saman talabijin ko jikin taga, kuma lokacin hunturu ka sa shi a durowa ko cikin leda. In za ka goge, da ƙyalle mai laushi, daga ramin tsakiya zuwa baki a miƙe, ba zagaye ba. Ranar da akwatin ya iso hannunka, kada ka ce sai ka kai kan kowane faifai a kallo sannan ka san lafiyarsa, domin kafin ka kai na 1998 lokacin mayarwa ya daɗe da wucewa. Ka zauna da takarda da biro a wannan daren ko washegari, ka fara daga faifan ƙarshe ka yi baya. Kowanne ka zura, ka tsallaka zuwa tsakiyar labari da kuma mintuna goman ƙarshe, ka rubuta sunan labarin, har lissafinka na ABC ya kai 24.